Abokin Takarata Mai Nauyin Giram 30

Ummi ce ta dage sai an saya mata tsuntsu, ni kuma na dage sai wanda ba zai cika mana gida da ihu ba. A haka muka ƙare da wani mitsitsin aku, irin waɗanda asalinsu daga yammacin Ekwado da arewacin Peru suke. Tsawonsa bai wuce santimita 13 ba, kore shar, da shuɗi a fukafukai da bayan ido. Mai sayarwar ya ce shuɗin nan shi ne shaidar namiji ne. Yara suka raɗa masa suna Janar.

Wata yamma Maman Ummi na tsintar wake, Janar ya dira a hannunta. Ya ɗan saki fukafukai, ya hau gyaɗa kai sama da ƙasa yana murɗa wuya, sai ga geron da ya ci ɗazu ya dawo, ya ajiye mata shi a kan babban yatsa. Ta saka salati. Na ce tsuntsun nan mutuwa zai yi, muka cusa shi a kwali sai wurin likitan dabbobi.

Likita ya tambaya ko yana watsa abincin hagu da dama har ya manne masa a gashin kai. Muka ce a'a, a natse ya ajiye, har da 'yar rawa. Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe tebur.

"Alhaji, wannan ba amai ba ne. Toshi ne."

Ya ce a daji haka namijin ke ciyar da macen da yake so, baki da baki, kuma idan babu mace a gida sai ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai, mutum ko madubi ko ƙararrawa.

"Wato likita, matata yake nema?"

"Ai ya riga ya zaɓa."

Kuɗi na biya, lakadan, don a sanar da ni ina da abokin takara a cikin gidan da nake biyan haya.

Daga ranar zaman falo ya gagare ni. Da na zauna kusa da ita sai ya taho a guje ta kan kujera, gashi a tashe, ƙwayar ido na tsukewa tana buɗewa, ya kama min kunne. Kada girman jikinsa ya ruɗe ka, waɗannan tsuntsaye ba su san ƙanana ba ne, har tsuntsun da ya ninka su sau goma suna tarar sa da faɗa. Na kai ƙara wurin uwargida, sai ta ce, "Baban Ummi, shi dai ko ba komai kullum da abinsa yake zuwa. Kai yaushe rabonka da ka shigo da tsire?"

Likita ya ba mu dokoki: a rufe keji ya sami duhu na awa 12, don dogon haske ne ke tayar masa da wannan ɗoki, a daina shafa masa baya, a shafa kai kawai, in ya fara rawar a sauke shi ba tare da tsawa ba. Dokar rufe keji ni na karɓe ta, kuma ban taɓa yin aikin gida da ikhlasi irin wannan ba. Ana kiran magariba ina tsaye da zani. Daga ƙarƙashin zanin sai in ji yana goga baki ƙaras-ƙaras. Ummi ta ce ta karanta alamar jin daɗi ce kafin barci. Ni dai na san wasa makami idan na ji.

Sai Hajiya surukata ta zo. Ina durƙushe ina gaisuwa Janar ya sami ɗan yatsan ƙafata. Ba a ihu gaban suruka, don haka na ci gaba da "Lafiya lau, Hajiya" hawaye na zuba. Ta ce, "Allah sarki, yaron nan akwai tausayi," ta sa min albarka.

Hajiya ta zo da filas ɗin shayi mai ƙyalli, ta ajiye a kan tebur. Janar ya leƙa, ya ga wani kyakkyawan tsuntsu a jiki. Nan take ya saki fukafukai, ya gyaɗa kai, ya zube wa filas gero. Maman Ummi ta miƙa masa yatsa, ko kallo bai yi ba. Ta sake miƙawa, ya cije ta.

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Duk halinku ɗaya." Daren nan ni na ɗumama wa kaina tuwo, Hajiya kuma a kofi ta koma shan shayi, don Janar ya hana kowa taɓa filas ɗin.