Wa Ake Ƙirgawa Cikin 'Yan Mazan Jiya?

Shekarata takwas ke nan a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila. Mutanen garin duka ba su kai cikar kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba, amma a tsakiyarsa akwai dogon dutse da aka sassaƙa wa sunayen 'yan garin da suka tafi yaƙin 1914 da na 1939 ba su dawo ba. Duk ranar 11 ga Nuwamba, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, sai kowa ya tsaya cik na minti biyu, da jan furen takarda a ƙirji. Ni kuwa in na tsaya tare da su, hankalina ba ya kan dutsen. Yana can ƙauyenmu a ƙasar Gumel, wajen ƙanen kakana da muke kira Baba Soja.

Akwai wani abokin aikina Bature da ya shiga soja yana saurayi, ya ji ciwo a gwiwa tun yana kurtu, aka sallame shi. Bai taɓa ganin bakin daga ba, amma yana da katin tsohon soja a aljihu. Da na nuna mamaki sai ya ce a wajen gwamnatinsu, wanda ya yi ko kwana ɗaya a cikin rundunar ƙasa tsohon soja ne. Na bincika na tarar haka abin yake. Har a ƙidayar 2021 sun tambayi mutane, aka samu wajen miliyan 1.85 a Ingila da Wales.

Baba Soja kuwa ba kwana ɗaya ya yi ba. An ɗauke shi zamanin yaƙin Hitila, daga Kano zuwa Ikko a jirgin ƙasa, daga nan jirgin ruwa har Indiya, sannan dajin ƙasar Bama (Burma). Yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944. Sai dai bindiga ba ta cikin rabonsa. Yana cikin waɗanda aka ba lamba da kaki da adda, aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da kayan asibiti a ka, domin mota ba ta ratsa wannan dajin. Harsashin abokan gaba bai san wa ke riƙe da bindiga wa ke ɗauke da akwati ba. Ya dawo da tabo a kafaɗa da tarin da bai rabu da shi ba har kabari, amma na sha jin manya a dandali suna cewa, "Ai shi ɗan dako ya yi, ba soja ba." Takardar sallamarsa tana cikin adaka har gara ta cinye ta. Sau biyu babana ya kai shi birni wajen tantancewa, sau biyu ana ce musu ba takarda ba magana. Ranar da ya rasu an yi masa sutura irin ta kowane Musulmi, alhamdu lillahi, amma ba wanda ya ambaci Bama.

Kada wani ya zaci ina wanke Turawa ne. Wannan yalwar da suke yi wa nasu ba ta kai kan kakanninmu ba. Kuɗin sallamar da aka ba sojan Afirka bayan yaƙi bai kama ƙafar na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba. Sai a 2002 aka gina ƙofofin tunawa da sojojin Afirka da Indiya da Karibiyan a Landan, kuma sai a 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙinsu ta amsa cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya ba a rubuta sunayensu kamar yadda aka rubuta na Turawa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan bashi ne a wuyansu.

Amma namu bashin fa? Muna da ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ana fareti, ana ajiye furanni, ana sakin fararen tattabaru a Abuja da manyan biranen jihohi, mu gani a talabijin. Ban taɓa jin wannan rana ta iso zauren dagacinmu ba. Mutum nawa ne ke wucewa ta gaban barikin Bukavu a Kano da sanin cewa sunan wani gari ne a Kwango, inda sojojinmu suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1960? A lokacin yaƙin basasa sojan Najeriya ya tashi daga wajen 10,000 zuwa kusan 250,000, kuma da yawansu 'ya'yan manoma ne daga ƙauyuka irin namu, waɗanda da ƙura ta lafa aka rage su suka koma riƙe fartanya. Sannan ga na Laberiya da Saliyo, ga yaranmu da ake kaiwa Borno, ga 'yan kato da gora da suka tashi tun 2013, ga mafarautan da ke shiga daji gaban soja saboda su suka san hanya.

Ni a ganina mun cakuɗa abu biyu, fansho da girmamawa. Fansho kuɗin hukuma ne, dole a nemi shekaru da takarda, tunda akwai masu cusa sunayen bogi. Na yarda da wannan. Na kuma yarda da Amurkawa da suka cire wanda aka kora daga soja saboda aikin assha daga cikin tsofaffin sojojinsu. Wanda ya ci zalin talaka da kaki ba ya cikin waɗanda nake magana a kansu. Amma girmamawa ba ta jiran kasafin kuɗi, kuma shaidar gari ta fi takarda ƙarko. Dagaci ya san wanda ya tafi, liman ya san wanda aka yi wa sallar ga'ib, tsofaffin mata sun san wadda ta yi takaba ba ta ga gawa ba. Ba sai mun ari dutse da fure ba. A kira sunayensu a yi musu addu'a bayan sallar Juma'a, in kaka ta yi a kai wa matar marigayi dami ko biyu na gero, a ajiye littafi a makarantar firamare yara su riƙa karantawa.

Makon jiya na buga wa kawuna waya na ce, "Kawu, don Allah ku zauna da mai gari ku lissafo mini duk wanda ya taɓa tafiya soja daga garin nan, har da masu ɗaukar kaya." Ya ce, "To ɗana, Allah ya yi albarka, amma ka makara da yawa." Jiya ya sake kira, sun samo goma sha ɗaya. Akwai na goma sha biyu, wanda kowa ya tuna da ɗingishinsa da gonarsa ta bayan rijiya, amma duk garin ba mai tuna sunansa na yanka, Kofur kawai ake ce masa. An ce akwai 'yarsa da ke aure a wajen Sule Tankarkar, kuma Kawu ya ce zai je ranar Asabar.