Iyo a kogi daban, a teku daban

Abin yana damuna. Ango daga Yauri zai kai amaryarsa babban otal a bakin tekun Legas, sai ka ji yana cewa wanda ya saba ƙetare kogin Neja, teku ba za ta gagare shi ba. Ya iya iyo kam, ba musu. Sai dai ruwan da igiyar teku ta turo gaɓa yakan koma ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, kuma nan ne ruwan ya fi kama da kwantacce. Gwani ma gajiya yake yi idan ya nufi gaɓa kai tsaye. In ruwan ya ja ka, yi iyo ta gefe har ka fita daga hanyar. Otal in ya kafa jar tuta, kada ku shiga ruwa.