Linzami Ya Fi Ƙarfin Bakin Kaza: Nasiha Ga Masu Ɗaura Wa Babur Tayar Mota

Assalamu alaikum, ƙannena da 'ya'yana masu neman halali a kan babur.

Ranar Talatar da ta gabata, bayan la'asar, ina dawowa Gombe daga Kwadon a cikin motar haya, sai muka tarar da wani matashi a gabanmu a kan babur ƙirar Boxer, ya ɗaure buhun albasa uku a kariya, ya kuma ɗora wani yaro da bai wuce shekara goma ba a kan tanki. Lodin bai ba kowa mamaki ba, domin idonmu ya riga ya saba da irinsa. Abin da ya sa direbanmu ya rage gudu yana salati shi ne ƙafar baya ta babur ɗin, domin tayar ƙaramar mota ce sukutum da wilinta, an yanke ƙarfe an yi walda an cusa ta a gurbin da ba nata ba. Muna biye da shi har muka iso wata kwana mai ɗan gangare. A kan idonmu ya karkata jikinsa yana neman babur ya bi shi, babur ya ƙi, ya miƙe ɗoɗar kamar jakin da ya hango gida, ya sauka daga kwalta ya kife da su a cikin rami. Allah ya taƙaita abin, amma yaron ya karye a hannu, shi kuma matashin ya saɓule fatar cinya tun daga gwiwa.

Wata baiwar Allah da ke cikin motarmu ta cire ɗankwalinta tana ɗaure wa yaron hannu yana tsala ihu, shi kuwa gogan naku da ya miƙe, wurin babur ya fara nufa yana latsa tayar ya ji ko ta sace. Da na tambaye shi wanda ya ba shi wannan shawara, sai ya ce da ni, "Baba, wallahi tayar nan ba ta da laifi, wata bakwai ke nan ban kai ta wurin mai faci ba." Wannan amsa ce ta hana ni barci a daren, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Ba zan zalunce ku ba, na san hujjarku, kuma akwai gaskiya a cikinta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai na babur ya tashi, mai jigilar hatsi daga ƙauye zuwa kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe kuwa yana iya cinye tayar baya cikin 'yan watanni. Tayar mota tana da kauri, ba kowace ƙaya ko ƙusa ke huda ta ba, tana daɗewa ba ta suɗe ba, kuma a cikin rairayi faɗinta yana hana ta nutsewa. Ƙaramar tayar mota mai lamba 175/70 R13 an yi ta ne ta ɗauki sama da kilo 400 ita kaɗai, tsayinta kuma ya yi kusa da na tayar babur, shi ya sa masu walda suka fi zaɓen ta. Iyakar alherinta ke nan, kuma kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Ku je ku tsuguna a bayan baburanku ku dubi taya da kyau. Za ku ga bayanta a zagaye yake kamar bayan ƙwarya, kuma zanenta ya gangaro har gefe. Ba don ado aka yi haka ba. Mota ƙafa huɗu gare ta, idan za ta sha kwana sitiyari ake murzawa tana zaune daram a kan ƙafafunta, don haka aka yi tayarta shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Shi kuwa babur ba ya shan kwana sai ya kwanta, kuma yayin da ya kwanta, wannan zagayen bayan taya ne ke ci gaba da riƙe kwalta ta gefe. Idan ka ɗaura masa shimfiɗaɗɗiyar taya, da farko za ta yi maka gardama ta ƙi kwanciya, in kuwa ka matsa mata da ƙarfi sai ta ɗaga ta hau kan kaifin gefenta, inda babu wadataccen zane kuma ba a yi wurin don taka ƙasa ba. A daidai lokacin da rayuwarka ta fi bukatar riƙo, a nan ne riƙon yake raguwa. Ga kuma tayar gaba siririya tana son kwanciya, ta baya tana son miƙewa, ka zama mai hawan doki biyu da gindi ɗaya. Abin da muka gani da idonmu a hanyar Kwadon ke nan, kuma ba rashin iya tuƙi ne ya kayar da matashin nan ba, domin ko wanda ya shekara talatin a kan babur haka za ta yi masa.

Tayar baya ta ƙaramin Boxer lambarta 3.00-17, wato faɗinta inci uku ne, kimanin santimita bakwai da rabi. Wadda aka cusa a madadinta santimita goma sha bakwai da rabi ce, ta ninka ta fiye da sau biyu. Ta yaya za ta shiga? Sai an yanke ƙarfen da ke riƙe da wilin baya an buɗa shi, an ƙara wani guntun ƙarfe, an tura sarƙa gefe. Daga ranar sarƙa ba za ta sake tafiya a miƙe ba, tana cin haƙoran sufuroket tana neman zamewa, boris yana ɗaukar nauyin da ba a auna masa ba, wurin da aka yi waldar kuma yana jijjiga a kowane rami har ranar da zai buɗe. Injin da girmansa bai wuce cc 100 ba, mai ƙarfin doki kamar takwas, shi ne aka ɗora wa juya ƙafar mota da wilin ƙarfe, sai kuloci ya riƙa ƙonewa, mai yana tafiya kamar ana zubar da shi. Kuɗin da ka ce ka tsira da su a wurin mai faci, ga su can ka kai wa mai gidan mai da bakanike. Garin neman ƙiba an samo rama.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda wannan taya take ruɗin mai ita. Da ya ga ba ta lotsa ba a ƙarƙashin buhu biyu sai ya ƙara na uku, gobe ya ƙara na huɗu, ya manta cewa taya ce kawai ya canza. Birkin nan dai shi ne ɗan ƙaramin da kamfani ya saka don mutum biyu da 'yar jakarsu, shokozoba ita ce, ƙashin bayan babur shi ne. Duk wanda ya san gangaren da ke saukowa daga Tumfure zuwa cikin garin Gombe ya san wuri ne da manyan motoci ma suke shiga da addu'a, amma sai ka ga yaro ya dumfare shi da buhunan gawayi sun fi shi tsawo, yana jan ƙafa a kwalta wai yana taimaka wa birki, silifa tana hayaƙi. Da damina kuma, faffaɗar taya da babu nauyin mota a kanta ta fi saurin shawagi a kan ruwan da ya kwanta a titi. A inda gefen kwalta ya cinye, rabin tayar yana sama rabi yana ƙasa, sai ta fizgi babur ta jefa shi inda ta ga dama. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, haka ne, amma yaron da ke kan tanki me ya ɗebo?

Sannan wace irin taya ce ma ake ɗaurawa? Babu mai sayen sabuwa don wannan aiki. Ta gwanjo ce, wadda ta gama wahala a wata ƙasa aka jibge ta a rana, alhali tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigo da su ƙasar nan. A jikin kowace tayar mota akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Na duƙa na karanta ta matashin nan tun tana cikin rami, na ga 1412, wato mako na 14 na shekarar 2012. Tayar ta girmi yaron da ta karya. Gefenta duk ya yi tsage-tsage kamar faso a dunduniya, amma shi abin da yake gani zane ne da saura. Araha dai ba ta ado.

Na ji wasunku suna cewa ai Turawa ma suna yi, sun gani a TikTok da Facebook. Gaskiya ne a Amurka akwai masu manyan babura irin su Honda Gold Wing da ke saka tayar mota a baya, don ta daɗe musu a doguwar tafiya. To amma wancan babur ne mai cc 1800 da silinda shida, nauyinsa ya haura kilo 350, wilinsa tun daga kamfani faffaɗa ne ba a yanke komai ba, yana kuma tafiya a miƙaƙƙen titi mai santsi, mahayinsa a lulluɓe tun daga hular kwano har takalmi. Duk da haka kamfanonin taya ba su amince da abin ba, suna gargaɗi a kansa, domin ko bakin da taya ke kama wili ba iri ɗaya ba ne tsakanin mota da babur. Kama da wane ba ta wane. Kai da za ka bi hanyar Dukku ko ta Kumo da silifa da hular sanyi, me ya haɗa ka da su? Wannan ciwo na kwaikwayon duk abin da aka gani a waya shi ne ya kawo mana cire madubin babur wai don gayu, da fasa salansa a hana unguwa barci, da ɗaga ƙafar gaba ranar kai amarya a gaban 'yan mata. Ba na ma son in shiga zancen masu toshe kunne da waƙa suna tuƙi, da masu haɗiyar ƙwaya tun da safe wai don kada su gaji. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta wajabta hular kwano, muka mayar da abin wasa har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Mutumin da ya ƙi kare kansa da hula, shi ne yau yake gaya mini ya fi injiniyoyin kamfani sanin ƙafar da ta dace da babur.

Ku ji tsoron Allah a kan rayukan da kuke ɗauka. Wanda ya hau bayanka amana ya ba ka, bai duba wace taya ce a ƙarƙashinsa ba. Idan nauyin kayanka ya fi ƙarfin babur, to sana'arka ta girmi babur, ka yi haƙuri ka yi sawu biyu, ko ku haɗa kai ku nemi abin da aka ƙera don kaya. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa kuma su daina zura ido, aikinsu bai tsaya ga yankar rasit da safe ba.

Laifin ma ba na yaran kaɗai ba ne. Ina mai waldar da ya karɓi kuɗi ya yanke ƙarfen? Ina bakaniken da ya ɗaura sarƙar yana gani a karkace? Lokacin da muke tasowa akwai wani dattijon bakanike a unguwar Jekadafari, Allah ya jiƙansa, wanda idan ka kawo masa aikin ganganci sai ya ajiye sifana ya dube ka ya ce, "Ɗana, ɗauki abinka, ba da hannuna za a yi wa uwarka ta'aziyya ba." Yaransa sai sun shekara biyar ko shida suna wanke noti a cikin kananzir kafin ya yarda su kwance inji su kaɗai, kuma babur ba ya barin rumfarsa sai ya hau shi da kansa ya zagaya ya taka birki ya ji. Malaman makarantar da suka sayi Vespa da Honda da bashin gwamnati a wancan zamani, kullum da safe sai sun goge su sun latsa taya kafin su fita, babur ya shekara ashirin a hannun mutum ɗaya ba a taɓa kai shi wurin mai walda ba. Yanzu yaro ya yi wata shida a gareji ya sayi sifana uku ya kafa rumfa, ana ce masa injiniya, kuma duk abin da ka ce ya yi maka zai yi muddin ka biya. Da na ba wani daga cikinsu labarin abin da ya faru a hanyar Kwadon, dariya ya yi ya ce, "Alhaji, ai mu abin da mai kaya ya ce shi muke yi."

Jiya na bi ta wajen Tudun Hatsi, sai ga babur ɗin nan a jingine a bakin wata rumfa, na gane shi da lanƙwasasshen madugadi da sabuwar walda a wurin tsohuwar. Tayar tana nan a gurbinta, ana ɗora masa buhun masara. Na tambayi matashin jikin yaron, ya ce da sauƙi, yana gida an kai shi wurin mai ɗori, sannan ya juya ya ce da masu lodin su ƙaro ɗaya.