Ohio State za ta karya lagon Michigan a 2025, in dai Ryan Day ya bar taurin kai

Jama'a, ranar Asabar 29 ga Nuwamba 2025, da ƙarfe 12 na rana agogon gabashin Amurka, wato shida na yamma a Najeriya da Nijar, jami'ar Michigan za ta karɓi baƙuncin Ohio State a Ann Arbor, filin da ke cin mutum 107,601. Tun 1897 suke wannan gaba a ƙwallon Amurka na jami'o'i, har ta kai a makon wasan magoya bayan Ohio State kan bi allunan jami'arsu suna rufe harafin M da jan tef. Kafin wasan na rubuta wannan, kuma hasashena shi ne Ohio State ta ci 24 da 13. Amma da sharaɗi.

A takarda ma babu abin musu. Zuwa wannan wasa, Ohio State ce ke riƙe da kofin ƙasa na kakar 2024, ita ce ta ɗaya, ta buga 11 ta ci 11, kuma babu wanda ya zura mata sama da maki 16 a wasa ɗaya. Michigan ta faɗi sau biyu, a hannun Oklahoma da USC. To sai dai bara ma, wato 2024, haka takardar take. Ana ba Ohio State ratar maki kusan 20, a gidanta na Columbus, Michigan ta zo ta doke ta 13 da 10. Sau huɗu ke nan a jere tun 2021, kuma kafin wannan wasa Ryan Day sau ɗaya kacal ya taɓa cin Michigan a matsayin babban kocin Ohio State, a 2019.

Ga abin da kowa ke maimaitawa: sama da shekara 20, ƙungiyar da ta fi cin yadi ta hanyar rugawa da ƙwallo ita ke lashe wannan wasa. Gaskiya ne, amma ana yi masa gurguwar fahimta, kuma ina ganin ita ce ta kashe Ohio State bara. A wasan nan dama huɗu ake ba ka ka ci yadi 10. In ka ruga da ƙwallo aka kayar da kai cikin fili, agogo ci gaba yake yi da tafiya, kana da daƙiƙa 40 kafin ka sake farawa. In ka jefa ba a cafe ba, agogo ya tsaya. Don haka duk wanda ke gaba a zubi na huɗu, wato zubin ƙarshe na wasan, rugawa yake ta yi don ya cinye lokaci, wanda ke baya kuma dole ya yi ta jifa. Sau da yawa kasancewa a gaba ne ke tara yadin gudu, ba yadin ne ya kai ka gaba ba.

Bara Ohio State ta ɗauki abin a matsayin gwajin ƙarfi, ta dinga tura ƙwallo ta tsakiya inda masu tsaron Michigan Mason Graham da Kenneth Grant suke tsaye, ƙarti biyu da NFL, gasar ƙwararru, ta ɗauka a zagayen farko na zaɓen 'yan wasa na 2025. Gudu 26, yadi 77. Ƙasa da yadi uku ke nan a kowane gudu, kullum sai ka tsinci kanka a dama ta uku da sauran yadi huɗu ko fiye, inda masu tsaro sun riga sun san jifa za ka yi. Ga mai cafe wa Ohio State ƙwallo, Jeremiah Smith, can gefe, wanda babu mai iya riƙe shi shi kaɗai, an bar shi yana kallo. Mai jifansu Will Howard ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo sau biyu, mai bugun maki uku ya zubar sau biyu, bayan hutun rabin lokaci ko maki ɗaya ba su ƙara ba. Wannan ba fin ƙarfi ba ne, ganganci ne.

Abin da nake son gani tun zubin farko: Julian Sayin, sabon mai jifan Ohio State, ya jefa a dama ta farko, gajeren jifa na yadi biyar zuwa takwas, ƙwallo ta bar hannunsa kafin a iso shi. In Michigan ta ja masu tsaron baya biyu can nesa don Smith da abokin cafiyarsa Carnell Tate, mutum shida ne za su rage kusa da layi, a nan gudu ke biya. In ta matso da mutum na bakwai, sai a nemi Smith. Damuwata ɗaya, shi da Tate duk sun yi fama da rauni a makonnin nan.

Ita Michigan hanyarta ɗaya ce, kuma ta san ta. Ta riƙe ƙwallo minti shida ko bakwai a kowane hari, mai ruga mata da ƙwallo Jordan Marshall ya dinga cin yadi huɗu-huɗu, a rage yawan hare-haren wasan, a kai zubi na huɗu ratar ba ta wuce maki bakwai ba. Daga nan tsoron bara zai fara aiki a kan baƙi, ga ihun mutum dubu ɗari da ke hana 'yan layi jin umarni, ga sanyin ƙarshen Nuwamba. A 2021 cikin dusar ƙanƙara Hassan Haskins na Michigan ya ruga da ƙwallo ya shiga gidan Ohio State sau biyar. Dominic Zvada na Michigan, wanda ya buga maki ukun da suka raba gardama bara saura daƙiƙa 45, yana nan.

Inda lissafin ke rushewa shi ne Bryce Underwood, mai jifan Michigan. Yaron yana da hannu, yana da gudu, amma shekararsa ta farko ke nan, kuma Matt Patricia, kocin tsaron Ohio State, ya ƙware wajen nuna wa mai jifa tsari ɗaya kafin a fara, ya sauya shi bayan an fara, mai tsaron bayansa Caleb Downs yana yawo duk inda ya ga dama. Michigan ta yi asarar ƙwallo sau biyar a wasanta da Northwestern, ta sha da ƙyar. Da tsaron Ohio State, biyu ma sun isa. Ku sa ido a kan minti 15 na farko: in Ohio State ta ba da ratar maki 10, dole Underwood ya jefa fiye da yadda Sherrone Moore, kocin Michigan na kakar 2025, yake so, kuma ban ga Michigan ta haura 13 a haka ba.