Masa Da Kunu Sun Isa Walimar Sabon Gida

Wata al'ada ta shigo mana wadda nake ganin gara a yi magana a kanta tun kafin ta zauna daram. Mutum ya shafe shekaru yana ɗora bulo kan bulo, Allah ya nufa ya rufa kwano ya tare da iyalinsa, sai kuma ya kasa kiran jama'a su zo su yi masa addu'a, wai ba shi da kuɗin walima. In ka tambayi me ake nufi da kuɗin walima, sai a lissafo maka hayar kanofi da kujeru, masu girkin biki, katan-katan na lemon kwalba, mai ɗaukar bidiyo, har da 'yan kyaututtukan da za a raba wa baƙi da hoton gidan a jiki. A gidajen Abuja na fara ganin wannan ta waya, yanzu kuwa abin ya haye Hawan Kibo ya iso Jos, garinmu.

Ni a Manchester nake zaune, kuma aiki ya haɗa ni da Turawa har na shiga irin tasu walimar. Bature in ya koma sabon gida ba ya gaggawa. Sai bayan makonni, in ya gama buɗe kwalayensa, zai tura wa abokai saƙo cewa ranar Asabar daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Mutanen ƙidayayyu ne, kuma kowa sai ya faɗa tun da wuri ko zai zo ko ba zai zo ba. Kowa ya riƙo ɗan abu a hannu, wani kwalbar abin sha, wani fure a tukunya, wani katin fatan alheri. Mai gida ya jera cuku da biskit da soyayyen dankali na leda, wataƙila da kek ɗin da ya gasa da kansa. In kujeru ba su isa ba a tsaya a kicin a yi hira. Wani ɗakin ma ba a gama masa fenti ba, kuma mai gidan da kansa zai buɗe ya nuna maka. Babban likita haka yake yi, ƙaramin ma'aikaci ma haka, babu wanda zai koma gida yana cewa an raina shi. Wannan rashin jin kunyar ƙaramin abu yana burge ni ƙwarai, kuma shi nake yi wa mutanenmu sha'awa.

Sai dai walimar tasu ta abokai ce zalla, na wurin aiki da na makaranta. Maƙwabcin da bango ɗaya ya raba su, sau da yawa abin da yake samu 'yar takarda ce ta ƙarƙashin ƙofa, ana ba shi haƙuri tun kafin lokaci ko da za a yi hayaniya. Ba a addu'a, kuma wanda ba a kira ba ba shi da rabo. Duk sauƙinta, in na fito daga irinta sai in ji kamar an bar babban dalilin taron a waje.

A Jos ɗin da na tashi, walimar tarewa ta unguwa ce. Da safe maza su zauna a zaure ko a falon da ko labule ba a sa ba, a kan tabarmin da aka aro daga masallaci. A wasu gidajen malamai su raba izu a sauke Alƙur'ani, a wasu kuma a taƙaita da karatun Baƙara da 'yar nasiha da addu'a. Jos ce mahaifar Izala tun 1978, don haka saɓani a kan sauka ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kowane gida da fahimtar da yake bi. Amma ban taɓa jin malamin da ya hana a ciyar da maƙwabta ba. Mata su shigo da hantsi ko bayan la'asar, ana ta “Allah ya sanya alheri”, “Allah ya sa rai aka yi wa”, “Allah ya ba da zaman lafiya”. Yara kuma su yi ta zirga-zirga da kwanuka a rufe, gida-gida, har gidan da ba wanda ya samu zuwa. Almajirai suna bakin ƙofa, kuma da su aka yi lissafi tun wajen awon shinkafa.

Abincin kuwa na gida ne, kuma aikinsa tun kwana biyu kafin ranar ake farawa. Cincin ake fara soyawa domin shi ba ya lalacewa. Ana gobe a jiƙa shinkafar tuwo, a dafa kaɗan daga ciki a haɗa, a kai inji a markaɗo, a sa yis a rufe ƙullin ya kwana yana tashi. Da asuba a ɗora tanda, masa ta fara fita da zafinta, ga miyar taushe ta kabewa da alayyafo da gyaɗa, wanda ba ya son miya ga yajin ƙuli. Zoɓo a wanke shi sosai saboda ƙasa, a tafasa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace a bar shi ya huce. In lokacin hunturu ne ba ma a wahalar neman ƙanƙara. Garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a watan Disamba kunun gyaɗa mai zafi da ɗan tsamin tsamiya ya fi kowane lemo daraja, tsofaffi ma shi suke fara tambaya. Ga dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, ga kabeji da karas a kasuwar Farin Gada. Mai hali ya yanka rago ko akuya, marar hali ya sayo nama daidai ƙarfinsa ya bazu a cikin miya, kuma ba a gane bambancin a fuskar baƙi.

Dalilin da ya sa nake dagewa a kan abincin gida ya wuce araha, ko da yake arahar ma ba abin rainawa ba ce. Wanda zai yi masar mutum hamsin ba zai iya shi kaɗai ba. Babbar tanda tana gidan wata Hajiya a ƙarshen layi, tukunyar da za ta ɗauki miyar tana wani gidan, kulolin zuba kunu sai an haɗo daga nan da can. Amaryar unguwa, wato matar gidan da ta tare jiya-jiya, dole ta yafa mayafi ta shiga gidajen nan ta yi sallama ta gabatar da kanta ta roƙi aro. Wata ta ce mata injin markaɗen bayan masallaci ya fi laushi, wata ta ce “bari in turo miki 'yan matana su taya ki suya”, wata dattijuwa ta zo da kanta ta ɗanɗana ƙullin ta ce a ƙara kanwa kaɗan. Kafin baƙo na farko ya yi sallama, ta riga ta san wace ce ungozomar unguwa, wace ce ke adashi, ɗan wa ke da keke-napep in dare ya yi ciwo ya tashi. Washegari kuma a mayar da kayan aro, kowanne da 'yar masa ko cincin a ciki, don ba a mayar da kwano haka nan. To in mota ce ta kawo abinci a 'yan robobi daga wurin masu girkin biki, duk wannan shiga da fita ta faɗi. An ci an ƙoshi, an ɗauki hoto, amma matar gida ba ta taka gidan kowa ba.

A Jos kuwa wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Duk wanda ya ga Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010 ya san abin da maƙwabci yake nufi. Akwai waɗanda maƙwabtansu, da ba addininsu ɗaya ba, suka ɓoye su a ɗaka har ƙura ta lafa, kuma wannan ya faru ta kowane ɓangare. Bayan rikice-rikicen nan jama'a da yawa sun sayar da gidajensu ko sun yi musaya, Musulmi suka tattaru a wasu unguwanni irin su Anguwar Rogo da Gangare da Rikkos, Kirista a wasu. Ma'ana, tarewa da yawa a garin nan ba ta murna zalla ba ce, akwai wadda tashin dole ne ya kawo ta, mutum ya bar unguwar da aka binne cibiyarsa ya dawo cikin baƙin fuska. Irin wannan mutumin ya fi kowa buƙatar a san shi tun makon farko. Ina tuna lokacin da maƙwabciyarmu 'yar Birom take aiko mana da gwaten acca, mu kuma mu aika mata da masa ranar Sallah. A 'yan wuraren da har yanzu ake zaune a cakuɗe, ina roƙon duk mai walima ya sa kwanon maƙwabcinsa Kirista a cikin na farko da za su fita. Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya kula da maƙwabtansa, kuma bai ce a duba addininsu ba.

Abuja na fahimci yadda abin ya samo asali. Gari ne na ma'aikata da baƙi, kowa daga wata jihar, da yawa a rukunin gidaje masu geti da mai gadi, inda za ka shekara ba ka san sunan na saman benenka ba. Wanda ke Kubwa ko Lugbe ko Mararaba yana fita da asuba saboda cunkoso ya dawo bayan isha, matarsa ma ma'aikaciya ce, babu gwaggo ko inna kusa da za ta tsaya kan tanda. Sayen abinci a wurinsu uzuri ne, ban ga laifinsa ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda uzurin ya rikiɗe ya zama ma'aunin mutunci, har mutumin Jos, da gwaggonninsa da ƙannensa ke nan zagaye da shi, yake ganin in bai kwaikwaya ba ya gaza. Kuma a wane lokaci? Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 komai ya yi tsada, a 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne. Mutum ya biya hayar shekara guda cur a dunƙule, ko ya ƙarasa gini da bashin siminti a wuyansa, sannan a ce ya sake ciwo wani bashin don a ga kanofi a ƙofar gidansa.

Ƙanena na cikin waɗanda wannan ya shafa. Ya tare a ɗan gidansa, amma ya yi ta ɗaga walima, da na matsa masa sai ya ce, “Yaya, kowa ya san kina Turai, in na ba mutane kunu da masa me za a ce?” Na ji zafin maganar domin gaskiya ce, haka ake yi wa duk mai ɗan'uwa a waje, ana auna tukunyarsa da fam ko dala. Na ce masa kuɗin kanofin nan ya sa su a rijiya ko tankin ruwa, abin da matarsa za ta mora kullum, ya kira Gwaggo ta shirya masa aikin masa. Na kuma tuna masa hadisin da ya ce mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Abincin roba da lissafin kai ake sayensa, ko wane ɗaya da kuɗinsa, don haka dole a riƙa tsare ƙofa ana duba wa aka gayyata. Ƙullin masa da tukunyar kunu kuwa suna da albarkar da in mutane sun ƙaru za a san yadda za a yi kowa ya samu. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mai gidan da ke lissafin robobi a zuciyarsa da wuya fuskarsa ta saku.

Akwai ƙorafin da na yarda da shi, kuma mata ne ke yin sa: wahalar duk a kansu take ƙarewa. Su ne tashin asuba, su ne hayaƙin itace, su ne wanke-wanke har dare, maza kuma suna zaure ana miƙo musu. Maganin wannan a rage yawan kala ne. Masa da miya, cincin, abin sha iri biyu, ya wadatar, ba sai an haɗa da sinasir da funkaso da dambu da alkaki duk a rana ɗaya ba, ai ba kayan gara ake haɗawa ba. Mai gida da samarin gidan su ɗauki kai markaɗe da ɗebo ruwa da sayo gawayi da mayar da kayan aro. In akwai mai sana'ar masa a layin, a ba ta aikin a biya ta haƙƙinta, kuɗin ya tsaya a unguwa, kuma ita ma maƙwabciya ce.

Sai batun tsafta, wanda masu son lemon kwalba ke kafa hujja da shi. Hujjar tana da ƙarfi a kan kunun aya musamman, domin in ba sanyi sa'o'i kaɗan yake yi ya yi tsami, kuma wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce. Wanda ya san ba shi da firji mai aiki ko ƙanƙara ya bar shi, ko ya markaɗa da safiyar ranar a sha kafin azahar. Zoɓo da kunun gyaɗa an tafasa su, matsalar takan zo ne daga ruwan da aka ƙara daga baya da robobin da aka ɗura a ciki. A yi amfani da ruwan da aka dafa, a bar tsintar tsofaffin gorunan da ba a san inda suka fito ba, a zuba a kula mai murfi kowa ya sha da kofi.

Mu ma Hausawan da ke nan Manchester muna ƙoƙarin riƙe abin. Ana samun busasshen zoɓo da aya da shinkafa a shagunan 'yan Afirka, tanda kuwa a akwati ake zuwa da ita daga gida, kuma guda ɗaya takan zagaya gidaje da yawa. In wani ya samu gida mukan taru bayan azahar, a yi addu'a, a ci masa. Abin da muka ƙara a kan na Turawa shi ne ƙwanƙwasa ƙofar dama da ta hagu da faranti a hannu. Wasu su karɓa da mamaki suna tambayar me aka sa a ciki, saboda masu rashin jituwa da gyaɗa suna da yawa a nan, don haka miyar taushe sai an yi bayani kafin a miƙa. 'Yan Jamaika kuwa da sun ga zoɓo suke gane shi, domin shi suke sha lokacin Kirsimeti.