Farfesa Fafunwa ya gwada a aji, ya ci nasara, amma kujerar minista ba ta kai shi gaci ba

Tun da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a nan Abuja, a watan Nuwamban 2025, cewa an soke tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa, an koma Turanci tun daga aji ɗaya, ake ta kai ruwa rana a Facebook. Wasu na cewa gara haka, wasu na cewa an yi wa harsunanmu yankan ƙauna. Abin da ya ba ni mamaki, da wuya ka ji wani ya ambaci mutumin da ya fi kowa sanin wannan magana a Najeriya, wato marigayi Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa.

Bayarabe ne Musulmi, an haife shi a Isale Eko cikin Legas a 1923. Ya yi sakandare a CMS Grammar School, ya tafi Amurka ya yi digirin farko a kwalejin Bethune-Cookman da ke Florida, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar New York a 1958, ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan mataki a fannin ilimi. Ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1961, ya zama farfesa a 1966. Rikicin da ya haifar da yaƙin basasa ya sa ya baro can ya koma jami'ar Ife, kuma a Ife ne ya yi aikin da ya sa nake wannan rubutu.

A 1970 shi da abokan aikinsa suka ɗauki wata makarantar firamare, St. Stephen's da ke Modakeke, suka raba yara. Wani rukuni aka koyar da su komai da Yarabanci tsawon shekara shida: lissafi, kimiyya, sanin zaman jama'a, duka. Turanci kuma aka ba shi matsayin darasi mai zaman kansa, aka ɗauko malamin da ya ƙware a kansa. Ɗaya rukunin aka bar su a kan tsarin da aka saba, harshen gida na 'yan shekarun farko, sannan a juya zuwa Turanci. Da aka auna, yaran da aka koyar da Yarabanci sun fi, kuma abin da ya rufe bakin masu gardama shi ne ko a Turancin ma ba a bar su a baya ba.

Amma ku dubi abin da aka yi kafin a kai ga wannan sakamako, domin nan ne mutanenmu suke tsallakewa. An zauna an rubuta littattafai aji bayan aji. Malaman jami'a da na firamare da masana harshe sun haɗu sun ƙirƙiro kalmomin lissafi da na kimiyya da babu su a da. An horar da malaman, an dinga bibiyar yaran har bayan sun shiga sakandare. Gidauniyar Ford ta Amurka ce ta zuba kuɗi. Aikin ya ci shekara takwas, daga 1970 zuwa 1978. Ba takardar umarni aka aika wa hedimasta aka ce daga Litinin a fara ba.

Sai ga shi a 1990 Janar Babangida ya naɗa shi Ministan Ilimi, ya riƙe har 1992. A ganina wannan ne wurin da ya fi ban tausayi a rayuwarsa. Mutumin da yake da hujja a hannu, ga shi a kujerar da ta fi kowace girma a harkar ilimi, amma tsarin Ife bai zama na ƙasa ba. Ba don ya sauya ra'ayi ba, har ya rasu yana kan bakansa. Kujerar ce ba ta da ikon da muke zato. Firamare tana hannun jihohi da ƙananan hukumomi, su ke ɗaukar malami, su ke biyansa ko su ƙi. A 1991, yana kan mulki, aka rushe hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa wadda aka kafa a 1988, aka mayar da nauyin kan ƙananan hukumomi, sai a 1993 aka sake farfaɗo da ita. Ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 1992, lokacin Attahiru Jega ne shugabanta, wanda ya kai gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar kafin a sasanta. Ministan da ke fama da wannan, ina ya ga sararin zama a rubuta littafin lissafi na aji huɗu da Tibi ko Kanuri?

Ni dai ban yarda da hujjar da aka kawo ta komawa Turanci ba, cewa harshen uwa ne ya jawo faɗuwar jarabawar WAEC da NECO da JAMB a wasu shiyyoyi. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen da aka fi ji a yankin. A ƙarshen 2022, zamanin Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu, majalisar zartarwa ta ƙara shi zuwa shekara shida. Yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin ko firamare bai gama ba, balle ya zauna WAEC.

Abin da ake yi a zahiri wani abu ne dabam, kuma duk wanda ya taɓa leƙa ajin gwamnati ya sani. Wata 'yar'uwata tana koyarwa a aji uku a wata makaranta a gefen Abuja. Littafin da ke hannunta na Turanci ne, kwafi ɗaya, nata. Ta rubuta jimla a allo, ta karanta, yara su amsa da ƙarfi kamar masu bita, ta sake karantawa, su sake amsawa. Sai ta juyo ta ce, “Kun gane?” Su ce, “Yes, anti.” Ta san ba su gane ba, sai ta sauko da murya ta yi bayani da Hausa, wani lokaci ta sa wata yarinya ta maimaita wa na bayan aji da Gbagyi. Ranar jarabawa takarda ta zo da Turanci. Yaron nan bai iya karanta Hausa ba domin ba a taɓa koya masa ba, bai iya Turanci ba domin haddacewa kawai ya yi. Wannan shi ake kira an gwada harshen uwa ya gaza?

Ban ce masu goyon bayan Turanci ba su da abin cewa ba. Ife gari ne mai harshe ɗaya. Ajin Nyanya ko Kubwa ko Gwagwalada kuwa za ka tarar da Bagware da Bahaushe da Tibi da Ibo da Idoma a benci guda. A Jos ma haka, ga Birom, ga Ngas, ga Tarok, ga Afizere, kuma duk da kusan kowa na jin Hausa a kasuwa, ba kowane uba ne zai so a ce da ita za a koyar da ɗansa ba, yana kuma da 'yancin ya ƙi. Mu Hausawa mu riƙa tuna wannan idan muna kumfar baki, domin mu abin ya zo mana da sauƙi. Muna da rubutun boko da ya daɗe da zama, muna da jarida tun 1939, muna da sassan Hausa a jami'o'i. Mai harshen da ko ƙa'idar rubutu ba a gama daidaita masa ba, lissafinsa dabam ne. Iyaye talakawa kuma da ke cewa su Turanci suke so ba jahilai ba ne, sun ga da wane harshe ake ɗaukar aiki a sakatariya.

To amma wahalar ajin Kubwa ba ta zama dalilin da za a hana yaron ƙauyen Jigawa ko Sakkwato ba, inda daga malam har ɗalibai har mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa harshe ɗaya suke yi. An ma taɓa gwadawa a Bauchi da Sakkwato, aka buga littattafan koyon karatu da Hausa na ƙananan azuzuwa, amma da tallafin hukumar agaji ta Amurka, USAID, kamar yadda na Ife ya dogara da Ford. Kullum kuɗin baƙi, mu namu sai sanarwa.

Fafunwa ya rasu a nan Abuja ranar 11 ga Oktoban 2010, yana da shekara 87. Allah Ya jiƙansa. Shi ya raba yara gida biyu, ya jira shekara takwas, ya auna, sannan ya yi magana. Ina so ma'aikatar da ya taɓa shugabanta ta nuna mana jiha ɗaya tak da aka raba wa yara littattafan lissafi da kimiyya da harshensu daga aji ɗaya zuwa shida, aka horar da malamai, aka kawo ƙwararren malamin Turanci, sannan yaran suka faɗi. In akwai, a faɗi sunanta, mu je mu gani.