Duk haɗewar da kamfanonin finafinai suka yi, yara ne ke biyan bashin

Wallahi abin nan ya ƙona min rai, kuma har yanzu ban huce ba. Kun dai ga yadda kamfanin Warner Bros. Discovery ya kwashe tsofaffin katun ɗin Looney Tunes daga manhajarsa ta Max a watan Maris na 2025. Su Bugs Bunny da Daffy Duck fa, jerin zanen da aka fara tun 1930. Kamfanin da ya ci suna da zomon nan Bugs Bunny, shi ne da hannunsa ya fitar da shi daga gida. Na yi ƙorafi, sai wani ya ce min wai ai kasuwanci ne, kayansu ne, su yi yadda suka ga dama. Malam, kayan nasu ne a takarda, na yarda. Amma ka tambayi kanka me ya sa mai kaya zai riƙa ɓoye kayansa daga masu so.

Amsar ita ce bashi. Da bashi manyan kamfanonin finafinai ke haɗewa da juna, kuma idan lokacin biya ya zo, sashen yara ake fara yanka.

Ku bi sawun Tom da Jerry kawai ku gani. A kamfanin finafinai na MGM aka haife su a 1940. Ted Turner ya mallaki rumbun finafinan MGM a 1986, ya sayi kamfanin katun na Hanna-Barbera a 1991, ya buɗe tashar Cartoon Network a 1992. A 1996 Time Warner, uwar kamfanin Warner Bros., ya haɗiye kamfanin Turner. A 2018 kamfanin waya na AT&T ya haɗiye Time Warner a kan dala biliyan 85. Bai yi shekara huɗu cikakku ba ya gaji, ya sauke, aka haɗa da Discovery a watan Afrilun 2022. Sabon kamfanin ya tashi da bashin da ya kai dala biliyan 50 a wuyansa, shugabansa David Zaslav kuma ya yi wa masu hannun jari alkawarin tsimin dala biliyan 3. To a ina za a samo wannan tsimin?

Wata huɗu kacal aka ga inda za a samo shi. A watan Agustan 2022 aka share shirye-shirye sama da 30 daga HBO Max (manhajar da daga baya aka kira Max), katun ɗin yara da yawa a ciki: Infinity Train, Summer Camp Island, OK K.O., har da kashi kusan 200 na Sesame Street. Masu zanen da dama sun fito sun ce ba wanda ya sanar da su tun da wuri. Mutum ya kwashe shekaru yana zana abu hoto bayan hoto, ya wayi gari babu shi. A wannan watan aka jingine fim ɗin Scoob! Holiday Haunt wanda aikinsa ya kusa kammala. A 2023 aka yi wa Coyote vs. Acme haka nan, shi kuwa an ma gama shi tsaf. Dalili shi ne idan aka rubuta fim a matsayin asara, ana samun ragin haraji. Wato an zauna an yi lissafi, an ga binne aikin ya fi nuna shi ga yara riba. Sai da mutane suka yi ca a kansu kafin daga baya aka sayar da shi ga wani ƙaramin kamfani.

Ba su tsaya nan ba. A watan Oktoban 2022 aka cusa sassan aikin Cartoon Network Studios cikin Warner Bros. Animation. Aka bar ginin sutudiyon Cartoon Network da ke garin Burbank. A watan Agustan 2024 aka rufe shafin Cartoon Network na intanet, inda yara ke wasanni da kallo kyauta, duk wanda ya shiga sai a tura shi wurin biyan kuɗi. Wata guda bayan nan manhajar Boomerang ta tsofaffin katun ma ta bi sahu. Duk wannan a gida ɗaya, cikin shekara biyu da 'yan watanni.

Kada wani ya ce min matsalar kamfani ɗaya ce. Disney ya sayi 21st Century Fox a 2019 a kan dala biliyan 71. A cikin kayan da ya kwaso akwai sutudiyon Blue Sky, waɗanda suka yi Ice Age da Rio. A watan Afrilun 2021 aka rufe shi, mutum wajen 450 suka rasa aiki. Mai Pixar da sutudiyon Disney a hannu, me zai yi da na uku? Ya riƙe sunan Ice Age, ya sallami mutanen da suka ƙirƙiro shi, a 2022 ya fitar da wani sabon Ice Age ba tare da su ba. Fim ɗin Nimona da suke tsaka da yi ya mutu tare da sutudiyon, sai da wasu suka tsince shi, Netflix ya nuna shi a 2023, ya kuma shiga takarar Oscar. Abin da aka jefar kenan.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofofi. Matashi mai sabon tunani, da zanensa a jaka, ƙofa nawa zai iya ƙwanƙwasawa? A da idan wannan ya ce a'a sai ya je wa wancan, wancan kuma yana tsoron kada abokin gasarsa ya riga shi. Wannan tsoron ne ya sa a 1995 Cartoon Network ya buɗe shirin What a Cartoon!, ya ba matasan masu zane dama kowa ya yi ɗan gajeren katun nasa. Daga nan Dexter's Laboratory ya fito, da Powerpuff Girls, da Johnny Bravo, da Courage. Ba wanda ya san su kafin nan. Duk haɗewa ɗaya, ƙofa ɗaya ta toshe. Idan gidaje biyu suka koma ƙarƙashin mutum ɗaya, a'a ɗinsa ɗaya ta isa. Shi kuwa mutumin da ke da bashi a ka ba ya gwada sabon abu, tsohon suna yake nema wanda iyaye suka riga suka sani, a sake fenti a fitar.

Na san romon bakan da ake yi mana duk lokacin da za a sa hannu: za a haɗa ƙarfi, za a samu kuɗin yin manyan ayyuka, masu kallo za su samu zaɓi. Na ji shi ya isa. Wasu kuma za su kawo min Pixar, su ce Disney ya saye shi a 2006 kuma ya ci gaba da fitar da finafinai masu kyau. Haka ne, amma misali ɗaya ba ya wanke sauran, kuma ku ƙirga nawa daga cikin na baya-bayan nan ci gaban tsohon labari ne. Masu cewa ai yara sun koma YouTube, laifin yaran ne, su ma ban karɓa ba. Ka rufe shafin kyauta, ka share shirin da yaro ke so, ka cika tasha da maimaici, sannan ka ce yaro ya gudu?

Can ɗin ma da suka gudu an bi su. Kamfanin Moonbug ya sayi CoComelon da Blippi, shirye-shiryen yara na YouTube, a 2020, shi ma aka saye shi a 2021 a kan dala biliyan 3. Peppa Pig kuwa tun 2019 take hannun Hasbro, kamfanin ƙera kayan wasan yara. An ba kura ajiyar nama. Wanda sana'arsa sayar da 'yar tsana ce, idan aka kawo masa labari, abin da zai fara dubawa shi ne ko jarumin zai yi kyau a cikin kwali.

Ni ba don kewar ƙuruciya nake wannan maganar ba. Yaro ɗan shekara huɗu ba shi da hannun jari, ba shi da ƙungiya, ba ya iya rubuta ƙorafi. Abin da aka ajiye masa a gaba shi zai kalla, da shi zai koyi abin dariya da abin tausayi da yadda labari ke tafiya. Shi ya sa aka fi raina sashensa, shi ya sa kuma ya kamata hukumomin da ke amincewa da haɗewar kamfanoni su riƙa tambayar me zai faru da shirye-shiryen yara kafin su sa hannu.

Af, tunda na ambaci Tom da Jerry. Ku samu ɗaya daga cikin na shekarun 1940, ku zauna da yaro, ku rufe ido na minti ɗaya ku saurari kiɗan kawai. Scott Bradley ne ya tsara shi, cikakkiyar tawagar makaɗa ce ke bin kowane taku na kyanwar nan, har zamewarta da faɗuwarta. Kusan babu magana a ciki, shi ya sa yaron da ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya yake ƙyalƙyala dariya. Oscar 7 suka ci. Na gwada da 'yar ƙanwata, ido a rufe ta gane daidai lokacin da ɓeran ya fara sanɗa.